Tambayoyi da amsoshi kan zaɓe don mutanen ƙauye a Sakkwato

Jama'a assalamu alaikum. Duk sanda zaɓe ya matso tambayoyin da nike ji iri ɗaya ne, a gindin bedi bayan la'asar, a rumfar mai shayi, wasu kuma su kira ni a waya daga wurin cirani. Shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda in amsa, wanda ke da waya ya karanta ma wanda ba shi da ita, musamman iyayenmu mata da ba su cika samun mai yi musu bayani a natse ba.

Wai hukumar zaɓen nan guda nawa ce? Wata rana a ce INEC wata rana a ce ta jiha.

Biyu ne. INEC ta tarayya ce, ita ke yin zaɓen shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, gwamna da ɗan majalisar jiha, kuma ita ke yin rajista ta ba da katin zaɓe. Zaɓen ciyaman da kansila kuwa na hukumar zaɓe ta jihar Sakkwato ne, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta majalisar jiha ta tabbatar. Amma ita ta jihar ba ta da rajistar kanta, kundin INEC take amfani da shi, don haka katin nan guda da ke aljihunka shi za ka yi duka zaɓukan da shi. Kada wani ya ce maka sai ka yanki sabo don zaɓen kansila.

Ni da ke ƙauye, mutum nawa ne ƙuri'ata ke zaɓe?

Bakwai. Kansila na mazaɓarka, ciyaman na ƙaramar hukumarka, ɗan majalisar jiha, gwamna, ɗan majalisar wakilai, sanata, sai shugaban ƙasa. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kowace mazaɓa kansila guda. Majalisar jiha kujera 30 ce, 'yan majalisar wakilai da muke turawa Abuja 11, sanatoci 3, na gabas da na arewa da na kudu. Cikin bakwai ɗin nan kansila ne kaɗai kake iya tarar da shi a masallacin Juma'a ko wurin suna ka tsai da shi ku yi magana, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne zaɓensa ne munka fi sakaci da shi.

Hakimi da mai unguwa fa, su ma zaɓensu ake?

A'a, wannan hanyar sarauta ce, daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa har fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, babu akwati a ciki. Su iyaye ne, ana sauraron su in sunka ce a fito a yi rajista ko a zauna lafiya, amma ba hurumin hakimi ba ne ya ce ƙauye kaza ga wanda za ku dangwala ma. In ka shiga wurin dangwale daga kai sai Allah.

Yaya ake yankar kati, nawa ake biya?

Ko sisi ba a biya. Sharaɗi ka zama ɗan Najeriya, ka cika shekara 18, kuma wurin da za ka yi rajistar ya zama inda kake zaune ko kake aiki ko asalinka. In an buɗe rajista ka tahi ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ko inda sunka kawo injin kusa da ku, za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a ba ka 'yar takarda. Wagga takarda ba ita ce katin ba, da yawa nan suke kuskure, su ajiye ta cikin leda shekara biyu ranar zaɓe su zo da ita a ce musu ba ta aiki. Sai ka koma da ƙafarka ka karɓo katin na roba, ba a aike, ba a ba ɗa na uba ko miji na mata. Kuma ana rufe rajista watanni kafin zaɓe, wanda ya jira sai an fara kamfe jirgi ya riga ya tashi.

Na san wahalar, mutum ya bar gona ya biya kuɗin mashin zuwa Gwadabawa ko Bodinga ko Tangaza ya wuni a layi wataƙila ma a ce ya dawo gobe. Shawarata ku haɗa kai ku tahi rukuni guda da sassafe, a sa tsofaffi da mata gaba. Sannan mu da ke bakin iyaka irin Illela da Gada da Gudu, 'yan'uwanmu na ƙetare jininmu ne, muna auratayya muna cin kasuwa guda, amma wanda ba ɗan Najeriya ba bai da damar yin rajista, kada a jefa shi cikin rigima don neman yawan ƙuri'a.

An kawo mani amarya daga wani gari, katinta na can. Ko ni ina cirani a kudu. Ya za a yi?

Kada a sake sabuwar rajista, laifi ne, kuma kwamfuta na gano yatsa biyu iri ɗaya ta soke ta biyun, a yi asarar wuni a banza. Abin da ake yi shi ne canjin rumfa, a je ofishin INEC lokacin da rajista ke buɗe a nemi a maido sunanta rumfar da ke kusa da gidan mijinta, ana iya fara cikewa ta intanet ma in akwai yaro mai waya. Mai cirani kuwa dole ya zaɓi ɗaya, ko ya mai da katin inda yake neman kuɗi ko ya yi shirin dawowa gida, don ba a zaɓe sai a rumfar da sunanka yake. Zaɓukan 2019 da 2023 duk cikin Fabrairu da Maris anka yi su, tsakiyar rani, lokacin da rabin samarin ƙauye suna Legas da Fatakwal da Ibadan, ka ga ƙauye mai mutum ɗari biyar a rajista ya tashi da ƙuri'a ɗari da 'yan kai. In za ka mai da katinka kudu ka sani ka bar zaɓen kansilanku da ciyaman ɗinku ke nan.

Katina ya ɓata, ko gobara ta ci.

Ka je ofishin ka nemi madadi tun da wuri, sunanka na nan cikin kundi. Ba sabuwar rajista za ka yi ba.

Ranar zaɓe mi ke faruwa daki-daki?

A zaɓen INEC ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda 2:30 ta same shi a layi sai ya yi zaɓe ko da za a kai isha'i. Ka fara duba sunanka a takardun da anka manna a bango. Malaman zaɓe, galibi 'yan bautar ƙasa ne ke shugabantar rumfa, za su karɓi katinka su tantance ka da na'urar BVAS, injin da ke tabbatar da kai ne mai katin, su yi alama a kundi, su shafa maka tawada a farce, sannan a miƙo maka takardar ƙuri'a da hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayanta. Ka juya ka duba, in babu hatimi ka yi magana nan take. Ka shiga wurin sirri ka dangwala, ka naɗe, ka jefa a akwati a gaban kowa. Ba a shiga da waya wurin dangwale. A takardar babu hoton ɗan takara babu sunansa, alamar jam'iyya ce kawai da harufanta, don haka tun daga gida a nuna ma Inna da Baba alamar wanda su da kansu sunka ce suna so.

Na ciyaman da kansila hukumar jiha ke sanar da ranarsa da lokacinsa, ku riƙa sauraron Rima Radiyo in ya matso.

Injin ya ƙi karanta yatsana, shi ke nan na rasa?

A'a. Mu manoma wanga ya fi shafa, hannun da ya sha kalme da lauje zanensa kan goge, haka mata masu sabon lalle. BVAS na tantancewa da yatsa ko da fuska, in yatsa ya ƙi sai a ɗauki hoton fuska. Sai in duka biyun sun ƙi ne ba za a ba ka ƙuri'a ba. In kuwa injin ne ya mutu baki ɗaya kuma ba a kawo wani ba, dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi a soke zaɓen rumfar a sake cikin awa 24 in ƙuri'unta na iya canja wanda ya ci, ba a koma kiran suna da baki a yi ta dangwale ba.

Mata fa, da tsofaffi da makafi?

Doka ta yarda a raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta son cuɗanya, kuma haka ake yi a wurinmu. Tsofaffi, masu ciki, masu goyo da naƙasassu ana sa su gaba. Makaho na iya zuwa da wanda shi ya yarda da shi ya taimaka mishi, ɗansa ko jikansa, ba ejan ɗin jam'iyya ba.

Ina roƙon magidanta ku bar matanku su fita. Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan neman 'yancin mata, zaɓen ƙasa na farko da sunka shiga shi ne na 1979 wanda ya kai Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari nan jiharmu, kujerar shugaban ƙasa. Mace ce ke sanin asibiti ba magani ranar awo, ita ke sanin famfo ya lalace, to a bar ta ta zaɓi wanda ranta ya kwanta da shi.

Mi ke lalata ƙuri'a?

Dangwala ma jam'iyya biyu, dangwala a kan layi tsakanin gida biyu har a kasa gane wa kake nufi, rubuta suna ko wata alama, ko jefa ta babu dangwale. Sai tawada in ta yi yawa, ka naɗe takarda ta shafi wani gida. Ka dangwala sau ɗaya a tsakiyar gidan, ka ɗan jira ta sha iska, ka naɗe ta a tsaye.

Na jefa ƙuri'ata, in tahi gida?

Nan ne nike so a saurare ni da kyau. Kana da damar tsayawa nesa kaɗan cikin natsuwa har a ƙirga, kuma ni a ganina tsayawar nan ta kai jefawar muhimmanci. In an gama, a nan rumfar ake zazzage akwati a gaban jama'a, a ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a rubuta a takardar sakamako da ake kira EC8A da lamba da kalmomi, shugaban rumfa ya sa hannu ejan-ejan su sa hannu a ba kowanensu kofi, a ba ɗan sanda, a manna sakamakon a bango, sannan a ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shafin INEC na intanet da ake ce ma IReV. Daga nan takardar ta wuce wurin tattarawa na mazaɓa, ta wuce ƙaramar hukuma, har Sakkwato.

Yawancin ɓarnar da ake kuka da ita ba a gaban mutane ake yin ta ba, a hanya ce, bayan kowa ya watse ya tahi cin tuwo an bar yaro ɗan bautar ƙasa baƙo da akwati da mutum uku cikin duhu. In kunka tsaya mutum hamsin, kunka ji adadin da kunnenku, yaranku sunka ɗauki hoton takardar da ke bango, wanda zai canja lamba a gaba ya san akwai shaida. Ku zo da tocila da ruwa, ku yi sallah a nan kusa bi da bi. Ku kuma kare malaman zaɓen, 'ya'yan wasu ne anka kawo amana garinmu.

Abu guda da za a kiyaye, in ƙuri'un da ke akwati sun fi yawan mutanen da BVAS ta tantance, soke rumfar ake baki ɗaya. Wanda ya ce bari a ƙara 'yan kaɗan don a taimaki namu, ƙuri'ar gari duka ya ƙone.

Don Allah ƙuri'ar ƙauyenmu mi za ta canja?

A 2019 nan Sakkwato, bayan zaɓen cike giɓi na 23 ga Maris, Aminu Waziri Tambuwal ya ci kujerar gwamna da ratar ƙuri'a 342 a kan Ahmad Aliyu, alhali kowanensu ya haura ƙuri'a dubu 500. Ɗari uku da arba'in da biyu, rumfa guda ke nan ta ƙaramin ƙauye. A 2023 kuma Ahmad Aliyu ya dawo ya ci. Duk Najeriya in ana neman misalin cewa ƙuri'a guda na da nauyi, namu ake kawowa.

Mi ne ne inkonkulusib?

In an soke wasu rumfuna ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba, kuma yawan masu zaɓen wuraren ya fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a bayyana wanda ya ci sai an koma waɗannan rumfunan. Mun gani a zaɓen gwamna na 2019, mun sake gani a na majalisar tarayya a 2023 da sai 15 ga Afrilu anka kammala. Ranar cike giɓi duk manyan jiha kan tare a 'yan ƙauyukan da sunka rage, ranar ce kuma anka fi matsa ma talaka, sai a daure.

An ba ni taliya da atamfa da dubu biyu. In karɓa?

Ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba, wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba ba a yi mishi dogon wa'azi. Amma gaskiya ita ce dokar 2022 ta sa laifin a kan mai bayarwa da mai karɓa, tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Bayan doka kuma, wanda ya saye ka ya gama biyanka, in kun je mishi da maganar gada ko rijiya kallon da zai yi muku na wanda anka gama ciniki da shi ne. In ɗan takara ya zo gari, gara dattawa da matasa da wakilan mata su zauna da shi a fili su ce ga buƙatunmu uku, a rubuta, a ɗauka a waya. Kada kuma ka ba kowa katinka ya riƙe maka ko ya kwafi lambarsa da sunan tallafi, galibi so ake ranar zaɓe ka rasa abin fita da shi.

Shi kansila aikin mi yake yi ma?

Shi ne bakin mazaɓa a majalisar ƙaramar hukuma. Su ke duba kasafin da ciyaman ya kawo su amince, su yi ƙananan dokoki, su sa ido kan yadda kuɗi ke fita. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma, kasuwanni, tashar mota, mahauta, maƙabarta, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da noma. Duba da kyau, rayuwar ƙauye ce duka. Rufin aji da iska ta yaye, ɗakin shan magani da ba ma'aikaci, kwalbatin da ruwa ya cinye har mai albasa ya kasa kai kaya kasuwa, ba shugaban ƙasa za ka nema ba, ƙofar kansila za ka fara bugawa, shi ya kai ma ciyaman. Mu kuma mun mai da shi mai biyan kuɗin magani da ragon suna, in ya ba ka dubu ɗaya ka ce mutumin kirki ne, ba wanda ke tambayarsa mi anka sa ma mazaɓarmu a kasafin bana.

Amma ai zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ke cinyewa duka, mi ye amfanin fita?

Wagga tambaya gaskiya ce kuma ba zan kauce mata ba. A 2021 PDP na mulki ta kwashe kujerun ciyaman 23, a Satumbar 2024 APC na mulki ita ma ta kwashe 23, haka abin yake a kusan duk jihohi ko wace jam'iyya ce. Ni wanga bai yi mani daɗi ba ko kaɗan, kuma shi ya sa ake ta kiran a gyara tsarin.

To amma ga abin da na lura. Tunda haka ne, ainihin zaɓen kansila yana faruwa tun kafin ranar akwati, wurin fidda gwani. Babu ɗan takara mai zaman kansa a Najeriya, sai jam'iyya ta tsai da kai, ko ta hanyar daliget, ko ƙato bayan ƙato, ko a ce an yi maslaha. Taron da ake yin maslahar nan a zauren wani ake yi da mutum goma sha, don sauran mutane ba su da katin jam'iyya ba su zuwa taron mazaɓa. In ƙauye na son a daina ɗora mishi wanda bai sani ba, sai mutanen kirki su shiga jam'iyyun da kansu, malamin makaranta, shugaban manoma, matan da ake jin maganarsu, su kasance cikin shugabannin mazaɓa. Sannan ranar zaɓen a fito, don ƙauyen da ake ganin layinsa ya yi tsawo ba a raina shi in an zo rabon aiki, 'yan siyasa lissafin rumfa suke yi.

Mun ji an ce kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yanci.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa ba su kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukunci ne babba, aiwatar da shi kuma ana ta jan ƙafa. Abin da ya shafe mu shi ne kason kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi, yaranmu masu ilimi su riƙa nemowa suna karanta ma jama'a, a tambayi ciyaman da ladabi ina anka kai shi.

'Yan bindiga sun tashe mu, muna gudun hijira. Za mu yi zaɓe?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wagga masifa, Ya jiƙan waɗanda munka rasa a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo da sauran wurare. Doka ta ce a yi iya ƙoƙari kada wanda rikici ya raba da gidansa ya rasa zaɓe, kuma INEC na da tsarin mai da rumfunan garuruwan da sunka tashi zuwa wuri mai aminci. Amma ba a yin shi ranar zaɓe, sai hakiminku da dattawa sun kai maganar ofishin INEC na ƙaramar hukuma tun da sauran watanni, da sunan garuruwa da rumfuna da inda mutane suke zaune yanzu. Wanda katinsa ya salwanta wurin gudu ya nemi madadi a lokacin. In kuma hanya ba lafiya ranar, kada kowa ya sai da ransa.

In mun ga an yi ba daidai ba, wa za mu kai ma ƙara?

A rumfa ka gaya ma shugaban rumfa ko ejan ko jami'in tsaro, da baki, ba da sanda ba, don fasa akwati rumfarku kawai zai sa a soke. Bayan an bayyana sakamako ɗan takara ko jam'iyyarsa ne ke da damar zuwa kotun zaɓe, a zaɓukan INEC cikin kwana 21, na ciyaman da kansila kuma akwai kotun da jiha ke kafawa. Kai naka shi ne shaida, hoton takardar nan da kunka ɗauka a bango da kofin da ke hannun ejan, a adana su da kyau kada a goge daga waya.